Celestron Nature DX 8x42: madubin hangen nesa don fita da matasa duwatsun Jos

Duk mai fita da matasa daji a kewayen Jos, malamin makaranta ne, ko shugaban 'yan sikawut, ko dattijon maharbi mai son 'ya'yansa su gaje shi, matsala guda ce take fara tare shi: yaro ba ya gani. Idonsa lafiya lau, amma ka nuna masa rema a kan dutse, shi dutsen kawai yake gani, kafin ya gane inda kake nufi dabbar ta faɗa kogo. In aka yi haka sau uku sai ya gaji, ya zaro danƙo ya koma harbin ƙadangaru. Madubin hangen nesa yana maganin wannan, in dai an sayi na kirki kuma an koya wa yaron riƙe shi. Wanda za a duba a nan shi ne Nature DX mai lamba 8x42 na kamfanin Celestron na Amurka. A ganina ya dace da wannan aiki ga matasa daga shekara 13 zuwa sama, kuma yana da 'yan aibobi da ya kamata mai saye ya sani tun kuɗinsa na aljihu.

Bari mu fara da lambar, domin a nan ake cutar mutane. Takwas ɗin farko na nufin yana kusanto da abu sau 8: gadar da ke nisan mita 80 za ka gan ta kamar tana mita 10. Ita kuwa 42 faɗin gilashin gaba ne, milimita 42, kuma shi ke tara haske. Raba 42 da 8 ka samu 5.25, wato faɗin ɗigon hasken da ke fitowa ya shiga idonka ke nan da milimita. Ka riƙe madubin nesa da fuskarka ka fuskanci sarari, za ka ga wannan ɗigon yana haskawa a tsakiyar gilashin ido. Da rana tsaka ƙwayar idon mutum kan tsuke ta koma milimita 2 ko 3, ƙaramin madubi ma ya wadatar. Amma namun daji ba da rana tsaka suke fitowa ba. Bayan asuba ne da dab da magariba, lokacin da ƙwayar ido ta buɗe tana neman haske, kuma a nan ne ɗan madubin aljihu mai lamba 10x25, wanda ɗigonsa 2.5 ne kacal, yake yin duhu ya bar ka da inuwa kawai. Faɗin ɗigon yana da wani amfani ga sabon shiga: ko bai saita idonsa daidai tsakiya ba zai ga hoto, ba zai yi ta fama da baƙin da ke rufo gefe ba.

Mutane da yawa sun ɗauka babbar lamba ita ce babban kaya. A shagunan kayan lantarki da hannun masu talla za ka ga madubai masu jan gilashi ko ruwan lemo, an rubuta 20x50, wasu har 60x60. Araha ba ta ado. Da farko dai lambar galibi ƙarya ce, kuma gwada ta ba wuya. Ka sa rula ka auna ɗigon hasken nan: in da gaske 20x50 ne, milimita 2.5 zai kasance. In ka samu 6, to madubin sau 8 yake kusantowa, an dai buga 20 a jikinsa. Ko ka tsaya gaban katangar bulo, ka duba da ido ɗaya ta cikin madubin, ɗaya idon a buɗe a waje, ka ƙirga bulo nawa na ido tsirara ke shiga cikin bulo guda na madubi. Na biyu, ko da lambar gaskiya ce, hannun mutum ba ya iya riƙe abin da ya wuce sau 10 ba tare da hoto ya yi rawa ba, domin madubin yana ninka karkarwar hannu yadda yake ninka girman dabba. Yaron da ya hau dutse yana haki, sau 8 ma da ƙyar. Shi kuma jan shafen da ke kan gilashin yana mayar da haske baya ne, sai komai ya koma shuɗi-shuɗi ko kore-kore, alhali launi shi ne abin da kake son yaro ya lura da shi.

To me Nature DX ya ƙunsa? Nauyinsa wajen giram 630, jikinsa roba mai tauri ce da aka lulluɓe da wata mai laushi don kada ya sulɓe. Faɗin abin da yake nunawa digiri 7.4, wato kusan mita 129 a nisan mita 1,000. In aka dawo da lissafin kusa, a nisan mita 30 kana ganin faɗin kusan mita 4, kan bishiya matsakaiciya ke nan gaba ɗaya, shi ya sa tsuntsu in ya yi tsalle daga reshe zuwa reshe ba ya ɓace wa yaro. Yana iya kama abu tun daga nisan mita 2. Wannan ba ƙaramin abu ba ne wajen koyarwa: malam-buɗe-littafi a kan fure, ko hawainiya, ko damo yana shan hantsi, yaro zai ga ɓawon fatarsa ɗaya-ɗaya ba tare da ya kai hannu ba. An rufe cikinsa ruf an cika shi da iskar naitirojin, don haka ruwan sama ba ya shiga, kuma ba ya yin gumi daga ciki in an fito da shi daga ɗaki mai ɗumi zuwa sanyin asubar Disamba, lokacin da Jos kan sauka kusa da digiri 10. Garin da ke samun ruwa daga Afrilu har Oktoba, wannan rufin shi ne dalili na farko da zai sa a zaɓe shi a kan masu araha.

Wurin gwada ingancin madubi a nan kusa babu kamar dajin Amurum da ke Laminga, kimanin kilomita 15 daga cikin gari, inda cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis take aiki tare da Jami'ar Jos. An ƙirga tsuntsaye wajen iri 300 a wannan ɗan daji. A cikinsu akwai wata 'yar tsuntsuwa dangin baiwar Allah, mai zama a gindin duwatsu, wadda masana ba su bayyana ta a matsayin iri na daban ba sai a 1998. Tsawonta bai wuce santimita 10 ko 11 ba. Abin da ke raba namijinta da baiwar Allah ta cikin gida shi ne jan baya da baki mai launin toka-toka shuɗi, ita kuwa ta gida bakinta ja-ja ne. Daga mita 15, a inuwar dutse, madubi mai jan gilashi zai nuna maka ɗan abu mai duhu yana tsalle. Nature DX zai nuna maka launin bakin, kuma a tsakiyar hoto yana da kaifi har ka ga ɗigo-ɗigon fari a gefen ƙirji. Akwai kuma wani ɗan baƙin tsuntsu mai sheƙi da aka sa wa sunan tsaunin Jos, wanda matarsa ke zuwa ta saka ƙwai a sheƙar waccan ta bar mata reno, namijin kuma yana kwaikwayon kukan mai renon. Yaron da ya ga waɗannan biyun da idonsa, aka ba shi labarinsu, da wuya ya sake ɗaga danƙo a kan ƙaramin tsuntsu. Amurum dai ba wurin farauta ba ne, mutanen Laminga suna kare shi tun kafin zuwan masana, kuma sai an nemi izini ake shiga.

Yanzu aibobinsa. Na farko, gefen hoto ba shi da kaifin tsakiya. In ka kalli wayar lantarki ka kai ta can baki-bakin da'ira za ka ga ta ɗan dushe. Na biyu, in baƙin abu ya tsaya a gaban farin sama, kamar hankaka a kan falwaya ko shirwa tana shawagi, za ka ga ɗan zare mai launin shanshanbale ko kore a gefen jikinsa. Gilashin ne ba ya haɗa dukkan launuka a wuri ɗaya. Akwai wani samfurinsa mai alamar ED da ya rage wannan, ya kuma fi tsada. Don koyar da yara ban ga dalilin ƙarin kuɗin ba. Na uku, murafen gilashin gaba suna rataye ne da zoben roba, kuma a hannun yara saurin zamewa suke. A ɗaure su da zare tun ranar farko.

Aibin da ya fi duka muhimmanci shi ne girma. Hannuwan madubin biyu suna lanƙwasuwa don su yi daidai da tazarar idanun mai kallo, kuma na wannan daga milimita 56 yake farawa zuwa 74. Yara da yawa 'yan ƙasa da shekara 10 tazarar idanunsu ba ta kai 56 ba. Duk yadda ka matse madubin yaron ba zai ga da'ira guda ba, sai ya rufe ido ɗaya, ko ya ce maka ya gani don kada ka yi faɗa. Ga nauyi kuma, giram 630 a wuyan ɗan shekara 8 na tsawon awa biyu wahala ce. In ƙananan yara ne a hannunka, ka nemi mai lamba 6x30 ko 8x30 irin Kowa YF, wanda ke matsuwa har milimita 50, nauyinsa kuma bai kai rabin kilo ba. Auna tazarar ba ta buƙatar likita: yaro ya kalli nesa, ka ɗora rula a kan karan hancinsa, ka karanta daga tsakiyar ƙwayar ido zuwa tsakiyar ɗayar.

Saita shi kuwa, mafi yawan masu cewa madubi na sa su ciwon kai ba su taɓa yin wannan ba. A fara da kofunan ido, waɗanda ake murzawa su fito ko su koma. Marar tabarau ya murzo su waje, mai tabarau ya mayar da su ciki. Madubin yana ba da tazarar milimita 17.5 tsakanin ido da gilashi, ta ishi mai tabarau ya ga hoton duka. Sai a lanƙwasa hannuwan har da'irori biyu su haɗe su zama ɗaya. Sai a zaɓi abu mai rubutu a nisan mita 30 zuwa 50, kamar allon makaranta ko lambar mota. A rufe gilashin gaba na dama da murfinsa, idanu biyu a buɗe, a murza abin murzawa na tsakiya har rubutun ya fito tar a idon hagu. A mayar da murfin zuwa hagu, kada a sake taɓa na tsakiya, a murza zoben da ke jikin kofin idon dama har rubutun ya fito tar a nan ma. Dalilin rufewa da murfi maimakon runtse ido shi ne runtsewa na matse ɗaya idon ya canza yadda yake gani, sai a saita a kan kuskure. Zoben nan na dama ba shi da makulli, yara kuma suna son murza duk abin da ke murzuwa. In madubi ɗaya ne tsakanin mutum uku, kowa ya haddace inda alamarsa take, ko a bar shi a sifili in duk idanunsu lafiya.

Abin da ke kashe madubi a Jos abu uku ne: faɗuwa, ƙura da danshi. Faɗuwa a kan dutse ba lallai ta fasa gilashi ba, amma tana gusar da gilasan cikin masu juya hoto, sai hannun dama ya kalli wani wuri na hagu ya kalli wani. In gocewar kaɗan ce ƙwaƙwalwa za ta yi ta kokawar haɗa hotunan biyu, bayan minti goma kai ya ɗauki ciwo. Gane ta da sauƙi: ka kalli bakin rufin kwano ko wayar lantarki a kwance, ka janye madubin a hankali kamar santimita 10 daga idanunka. In layin ya miƙe daga da'irar hagu zuwa ta dama, lafiya. In ɗaya ya fi ɗaya tudu, ya goce. Gyaran wannan sai mai na'ura, mai gyaran agogo ko waya in ya buɗe shi iskar cikin ta fita, danshi ya shiga. Don haka doka ta farko ga yara: igiya a wuya kafin madubi ya bar hannunka, kuma in za a miƙa wa wani, sai ya rataya igiyar kafin a saki.

Ƙurar hunturu da rairayin tsofaffin ramukan kuza suna da kaifi, sun fi shafen da ke kan gilashi tauri. Yaro ya ga ƙura, ya ja gefen rigarsa ya goge, ya yi wa gilashin zane ke nan har abada. Hanya ita ce a fara hure ƙurar da robar hura iska, a bi da buroshi mai laushi, sannan a sa ƙyallen da ya zo da shi, daga tsakiya zuwa gefe, ba dannawa. Tunda ba ya shan ruwa, in ƙurar ta yi yawa ana iya zuba masa ruwa mai tsabta a hankali daga kofi a bar shi ya bushe a inuwa. Da damina kuma abokin gaba fumfuna ce. Kada a mayar da shi jaka yana jiƙe. A shanya shi a ɗaki ya kwana, a ajiye shi tare da 'yan ƙunshin nan masu ƙwayoyi da ake samu a kwalin sabon takalmi, suna tsotse danshi. Kada kuma a bar shi a gaban mota cikin rana, zafi na narkar da man da ke cikin abin murzawa ya kuma busar da robar.

Koyar da yaro kama abu da madubi yana da tsari. Kuskuren kowane sabon shiga shi ne ya ga tsuntsu, ya sunkuyar da kai ya nemi madubi, ya ɗora a ido, ya shiga lalube. Abin da ake koya masa: ka kafa idonka a kan tsuntsun, kada ka ɗauke, ka ɗago madubin ya zo ya sami idonka. A yi wannan sau ashirin a filin makaranta da abin da ba ya motsi, tulun hasumiyar masallaci ko kan falwaya, sannan a koma kan tattabaru da balbela, kafin a je daji. Wajen nuni kuma "ga shi can" ba ta kai kowa ko'ina. A mayar da bishiya agogo: "Ɗorawar nan ta dama, ƙarfe biyu, reshen da ya bushe." A fita da wuri, daga ƙarfe 6:30 zuwa 9, a sa rana a baya. Madubi ɗaya ga yara uku ya isa, ɗaya na kallo, ɗaya na rubuta abin da mai kallon ke faɗa, girmansa in an gwada da kurciya, siffar baki, launin ƙafa, abin da yake ci, na ukun yana lura da inda ya tashi ya sauka. Gara ƙungiya ta haɗa kuɗi ta sayi biyu na kirki da ta sayi goma masu jan gilashi.

Haɗari biyu ne ke tare da madubin kansa, kuma a faɗa wa yara su da kakkausar murya. Kallon rana da shi na ƙona ido nan take, kuma yaron da ke bin shaho a sama zai iya afka wa rana bai sani ba, don haka a hana bin tsuntsu ta ɓangaren da rana take. Na biyu, ba a tafiya madubi na ido. Mai kallon mita 50 ba ya ganin ƙafarsa, ga santsin dutse, ga ramukan kuza masu zurfi da suka cika da ruwa, ga macijiya kasa wadda ba ta gudu in ta ji taku, kwanciyarta take yi a cikin busasshen ganye. A tsaya, a duba ƙasa, sannan a ɗaga madubi.

Ga maharba kuwa, amfaninsa ya wuce nishaɗi. Iyayenmu masu ɗaura kan burtu a goshi su yi rarrafe har su kusanci nama, abin da suke nema shi ne su ga dabba da kyau kafin su saki kibiya. Madubi na ba matashi wannan daga nesa. Ciyawa ta motsa a mita 60: mazo ne, ko akuyar wani, ko yaron Fulani ya sunkuya, ko mace mai itace? Harbin motsi na jawo musibu a wajen farauta, kuma duwatsun kewayen Jos cike suke da gonaki da masu kiwo. Da madubi ne kuma matashi zai koyi gane gada mai ciki ko mai shayarwa, da zabuwar daji mai jan 'ya'ya da damina, ya bar su. Zai gane ungulu, wadda tun 2015 aka sa irin tata ta cikin gari a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, ya san ba abin taɓawa ba ce. Ni shawarata matashi ya yi rani guda cur yana bin manya da madubi kawai, yana faɗin abin da ya gani ana gyara masa, kafin a yi maganar wani makami. Bindiga ko ta toka ce sai da lasisi, kuma ba a ba yaro.

Sai maganar da duk ɗan Jos ya sani. Tawagar samari a kan dutse da madubin hangen nesa abu ne da zai iya tayar da hankalin mutanen ƙauye, a yanayin rashin tsaro da ake ciki. Kafin a hau ko'ina, duwatsun Shere ne ko wajen Riyom, a je a gaida mai unguwa, a faɗi ko su waye da abin da ya kawo su, a nemi ɗan gari ya yi rakiya a kuma sallame shi. Yara su sa rigar makaranta ko ta ƙungiya, babba ya riƙe katin shaida da wasiƙar makaranta. Ba a juya madubi wajen bariki, shingen jami'an tsaro ko cikin gidajen mutane. In ana son farawa a wuri mai sauƙi, gandun namun daji na Jos da aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk yana da fili da bishiyoyi, tsuntsayen da ke yawo a sake a cikinsa sun isa darasin farko.

Wajen saye, galibi oda ake yi ta intanet ko a ba da sautu, farashin kuma yana bin dala. Mayar da kaya ƙasar waje don gyara ya fi ƙarfin yawancinmu, saboda haka a gama bincike ranar da ya iso, tun ana iya mayar wa mai sayarwa. A haska tocila ta gilashin gaba a leƙa ciki, kada a ga ƙura, zane ko zaren fumfuna. A duba ɗigon hasken nan biyu, su kasance zagayayyu, girmansu ɗaya. A murza na tsakiya daga ƙarshe zuwa ƙarshe, ya tafi sumul ba wurin da yake kamewa ko yin sako-sako. A girgiza shi kusa da kunne, kada a ji wani abu na motsi. Sannan a yi gwajin bakin kwanon nan. Igiyar da ta zo da shi a zura ta ta cikin maɗaurinta sau biyu, a ja da ƙarfi a gani, a rage tsawonta yadda madubin zai tsaya a ƙirjin yaro, don kada ya riƙa dukan dutse in ya sunkuya zai hau.